Ku Tambayi Kawu: Bashin kyamara da kafalar gwamnati

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan, kuma duk ukun bakinsu ɗaya: bashin banki da sana'ar saka kyamarorin tsaro. Ban yi mamaki ba. Tun da aka fitar da dokar kyamarorin tsaro a nan Saudiyya a 2022, wadda ta ɗora wa otal-otal, kasuwanni, asibitoci, makarantu, gine-ginen haya da sauransu wajibcin saka kyamara, duk yaron da ya iya hawa tsani ya huda bango ya zama injiniya. Waɗanda suka aiko tambaya a kan zakkar shago su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, idan Allah ya kai mu.

TAMBAYA TA FARKO

Kawu, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan ƙasa ne, haifaffen Shara Mansur a Makka, kakana ne ya zo daga Katsina. Shekara huɗu ke nan ina da 'yar mu'assasa, wato ƙaramin kamfani, ta saka kyamara da ƙararrawar ƙofa, ni da yaran aiki uku. Yanzu mai wani ginin alhazai a Aziziyya ya ba ni aikin kyamara 64, amma ya ce ba zai ba ni ko riyal ɗaya ba sai bayan aikin Hajji. Ina buƙatar riyal 200,000 na kaya. Abokina ya ce akwai wani shiri mai suna Kafala, gwamnati ce ke biyan kashi 80, ni in biya 20 kawai. Gaskiya ne? Ta ina zan bi? Ɗanka, daga Makka.

AMSA

Ɗana, Allah ya sa wa sana'a albarka. Shirin yana nan, abokinka bai ƙirƙire shi ba. Amma ya ji ƙira ne bai ga maƙera ba, kuma idan ka shiga banki da wannan lissafin nasa a kanka, za ka fito da baƙin ciki.

An kafa shirin Kafala a 2006, haɗin gwiwar Ma'aikatar Kuɗi da bankunan ƙasar nan, kuma a farkon lamari Asusun Raya Masana'antu ne yake riƙe da shi. Dalilin kafa shi mai sauƙi ne. Banki ba ya son ba ƙaramin ɗan kasuwa bashi, domin ba shi da gida ko fili ko hannun jari da za a riƙe. Kai ɗin nan, idan aka zazzage ka, me za a samu? Tsani biyu, injin huda bango, 'yar motar ɗaukar kaya, da ragowar waya a kwali. Sai gwamnati ta ce wa banki: ba shi, idan ya kasa biya ni zan cike maka wani kaso na asararka. Wannan kason shi ne kashi 80 ɗin da abokinka ya ji, kuma shi ma ba kullum ake kaiwa can ba, ya danganta da girman mu'assasa da irin aikinta. A lokacin korona an taɓa ɗaga shi har zuwa kashi 95, amma wancan yanayi ne na musamman.

To dubi inda maganar take. Shirin ba ya miƙa wa kowa kuɗi. Banki ne ko kamfanin ba da rance yake ba ka kuɗinsa, kai kuma ka sa hannu a kan riyal 200,000 cif, da ribar da aka ɗora. Idan ka biya lafiya, gwamnati ba ta cire sisi ba, kai ma akwai 'yar ladar kafalar da za a caje ka. Idan ka kasa, banki zai nemi 160,000 daga shirin domin ya rage zafi, amma bashin bai mutu ba. Za a biyo ka da shi, sunanka ya baƙanta a Sima, wato hukumar da ke ajiye tarihin bashin kowa, sannan takardar da ka sa wa hannu, ta alkawarin biyan bashi, wadda ake kira sanad li'amr, ta tafi kotun zartarwa kai tsaye. Wannan takardar ba ta buƙatar doguwar shari'a. Ka tambayi duk wanda aka taɓa rufe wa asusu aka hana shi fita ƙasa, zai gaya maka yadda abin yake da sauri. Laimar da gwamnati ta buɗe, a kan banki ta buɗe ta. Amfanin da kai ka samu shi ne an yarda a buɗe maka ƙofar da da ba za a buɗe ba, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Hanyar bi kuwa, ba ofishin Kafala za ka fara nema ba. Ka je bankin da asusun mu'assasarka yake, ka nemi sashen ƙananan 'yan kasuwa, ka ce kana son rance a ƙarƙashin Kafala. Su ne za su duba ka, idan sun gamsu su aika wa shirin. A ma'aunin Munsha'at, hukumar kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, mai ma'aikata 1 zuwa 5 da cinikin da bai wuce riyal miliyan 3 a shekara ba shi ne mafi ƙanƙanta, daga ma'aikata 6 zuwa 49 kuma shi ne ƙarami. Kai da yaranka uku kuna rukunin farko.

Yanzu bari in zauna a kan abin da yake kayar da mutanenmu, domin shekara talatin da ɗoriya ina riƙe wa masu shaguna lissafi a Jidda, kuma abu ɗaya nake gani yana maimaita kansa.

Shekarun baya wani bawan Allah ya shigo ofishina, mai irin sana'arka, aikinsa kuma tsaf, har yau kyamarorin da ya saka a bakin ƙofarmu ba su taɓa ɗaukewa ba. Banki ya mayar da shi, ya zo yana huci. Na ce kawo takardunka. Sai ya ɗora mini baƙar leda a kan tebur. Na zazzage. Faturori ne, wato takardun shaidar ciniki, na hannu, wasu biro ya dushe, ɗaya shayi ya zube mata har ta koma kalar ƙasa, wata kuma a bayan marfin kwalin kyamarar Hikvision ya rubuta ta, da lambar wayar mai shagon a gefe. Na kwana biyu ina tarawa, na ga mutumin nan ya yi cinikin da ya haura riyal dubu ɗari shida a shekarar. Na ce to ina takardar asusun mu'assasa? Da ya miƙo, abin da ya shiga cikinta a wata goma sha biyu bai kai riyal dubu biyar ba. Kuɗin duk a hannu yake karɓa, ko a tura masa asusunsa na kansa, wasu ma asusun matarsa. Ya ce mini, "Kawu, don sun ga fatata ne." Na ce masa ni ma fatar nan ce a jikina, kuma ban ce ba a taɓa yi mana kallon raini ba, amma ranar nan ledarka ce ta kayar da kai. Ma'aikacin banki bai san kai gwani ba ne, bai taɓa ganin aikinka ba. Abin da yake gani shi ne kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. A idonsa, mu'assasar da ta ga dubu biyar a shekara ba ta da rai.

Saboda haka kafin ka taka ƙofar banki, ka duba kanka. Sijil ɗinka, wato rajistar kasuwancinka, yana da rai, kuma aikin kyamara yana rubuce a cikinsa? Kana da izinin hukumar tsaro na wannan sana'a? Dokar 2022 ba ta bar sayarwa da sakawa da gyaran kyamarar tsaro a hannun duk wanda ya ga dama ba, sai da amincewar Ma'aikatar Cikin Gida. Yaranka uku suna cikin inshorar ma'aikata? Takardar zakka ta fito? Idan cinikinka ya kai riyal 375,000 a shekara, rajistar harajin ciniki na kashi 15, wato VAT, ta zama dole, kuma tun Disamban 2021 faturar masu rajista ta koma ta na'ura, an daina ta biro. Sannan uwa uba, takardar asusun mu'assasa da ke nuna shige da ficen kuɗi na tsawon lokaci. Idan kai ma ɗan leda ne, ka san ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan aikin na Aziziyya ba da kuɗin banki za ka yi shi ba, sai dai na baɗi.

Amma a ce takardunka sun cika. Har yanzu akwai abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka, kuma ya fi maganar Kafala damuna: "ba zai ba ni ko riyal ɗaya ba sai bayan Hajji." Ɗana, ka lura kuwa? Mai ginin ne yake neman bashi, amma kai ne za ka je ka ciwo masa shi da sunanka.

Mu yi lissafi, na misali kawai, domin ribar kowane banki daban. A ce sun ɗora maka kashi 10 a shekara a kan uwar kuɗin, na shekara biyu. Riba 40,000 ke nan, jimla 240,000, wato riyal 10,000 duk wata. Kuma kada goman nan ta ruɗe ka, tunda ana lissafa ta ne a kan dukan kuɗin har ƙarshe alhali kana ta ragewa. A zahiri ta kusa 18. Ka ce su rubuta maka ainihin kason shekara, da dukan kuɗaɗen ofis, a takarda ɗaya. Wata na farko banki zai cire dubu gomansa, ko mai gini ya biya ko bai biya ba. Yaranka uku za su miƙo hannu ƙarshen wata. Idan kuma ka fitar da fatura, harajin kashi 15 ya hau kanka a wannan zangon biyan harajin ko kuɗin bai shigo ba, sai fa idan ka nemi a riƙa lissafa maka harajin a kan abin da ka karɓa a hannu, wanda ake yarje wa masu cinikin da bai wuce miliyan 5 ba. Yawancin yaranmu ba su ma san da wannan damar ba. Idan aka sauko daga Arfa mai gini ya ce maka hukumar alhazan da ta kama hayar ba ta cika masa ba tukuna, sai Muharram, sai Safar, me za ka yi? Ka je ka ɓalle kyamarorinka daga bango?

Sannan ka sake duba farashin da ka ba shi. Ɗan ƙanwata yana wannan aikin, shi ya zaunar da ni ya nuna mini inda sababbin shiga suke ƙonewa. Doka ta ce a ajiye hoton da aka naɗa aƙalla kwana 31. Ya ce kyamara ɗaya mai matsakaicin kyau tana iya cin giga 43 na wurin ajiya a yini. Ka ninka sau 64, ka sake ninkawa sau 31, kana maganar tera 85 da ɗoriya, kowace tera giga dubu ce. Yaro sai ya ƙirga kyamara da waya da ladan aiki, ya manta faifan ajiya, ranar sayayya ya ga ribarsa duk ta shige ciki. Idan kuma ya yi dabara ya rage, tara tana jiran mai ginin: riyal 500 a kan kowace kyamarar da ba ta cika ƙa'ida ba, 5,000 idan ba a ajiye hoto yadda aka ce ba. Wa kake jin zai cire wa wannan tarar daga kuɗinsa?

Shawarata: ka koma wurin mai ginin da rubutacciyar yarjejeniya. Ya ba da kafin alƙalami da zai ɗauki kuɗin kaya ko mafi yawansa, wani kaso idan an gama jan waya, ragowar ranar miƙa aiki. Yana buƙatar kyamarorin nan fiye da yadda kake buƙatarsa, domin ba zai so a zo duba gini a same shi babu su ba. Idan ya ce lallai sai bayan Hajji, to shi ma ya sa maka hannu a sanad li'amr ta Nafiz, manhajar da ake rajistar irin wannan takarda, da ranar biya a rubuce. Irin wannan yarjejeniyar ma ita ce za ta ƙara maka nauyi a gaban banki, kuma maimakon 200,000 wataƙila 70,000 ta ishe ka. Idan ya ƙi duka biyun, ka gode wa Allah da ya nuna maka shi tun ba ka huda bango ba.

TAMBAYA TA BIYU

Kawu, ni baƙo ne, iƙama ce da ni, wato takardar izinin zama, shekara tara a Jidda. Ni na kafa shagon kyamara da kuɗina, amma sijil da sunan wani amininmu ɗan ƙasa ne, ina ba shi wani abu duk wata. Na ji ana maganar Kafala, ni kuma ina da kafili, wanda iƙamata take ƙarƙashinsa. Idan shi ya karɓi bashin da sunansa ni na riƙa biya, akwai matsala? Ƙaninka, daga Jidda.

AMSA

Ƙanena, sunan ne ya zo ɗaya. Kafilin da ke kan iƙamarka daban, shirin Kafala na bankuna daban, babu abin da ya haɗa su sai tushen kalmar a Larabci.

Matsala kuwa, tun kafin bashi kana cikinta. Abin da ka kwatanta shi ne tasattur, wato baƙo ya yi kasuwancin kansa a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta sa hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, da ƙwace dukiyar da aka samu, da rufe shago, baƙon kuma a fitar da shi daga ƙasar. Ta hau kanka, ta hau kan amininka. An ba da lokacin gyara ga masu irin wannan hali, ya ƙare a Fabrairun 2022.

Yanzu ka ƙara bashin banki a kai. Bankin zai buɗe asusun ya ga wa yake saka kuɗi, wa yake cirewa, ina suke tafiya. Kai da kanka ka kira mai fitila ya haska ɗakin da kake ɓoye. Ko a ce ba a gano ba, ka dubi inda kowannenku ya tsaya. Shi yana ɗauke da bashin da bai ci ba, idan ka kwanta ciwo ko aka ƙi sabunta maka iƙama, shi kotu za ta kira. Kai kuma kana biyan kuɗin kayan da a takarda ba naka ba ne. Na ga wanda amininsa ya rasu, magada suka zo da sijil a hannu suka canza kwaɗon shago, kuma a gaban doka su ne masu gaskiya. Mutumin nan bai iya ko kai ƙara ba, don ƙarar da zai kai ita ce shaidar laifinsa. Yana tsaye a tsallaken titi yana kallo ana loda kwalayensa a mota.

Baƙo yana iya mallakar kamfani a ƙasar nan ta halal, ta hanyar Ma'aikatar Zuba Jari, amma sharuɗɗanta ba na mai ƙaramin shago ba ne a galibi, ga harajin kashi 20 a kan ribar baƙo. Idan ƙarfinka bai kai ba, ku zauna da lauya a mayar da lamarin yadda takarda ta faɗa: ya saye kayan da gaske, shago ya zama nasa da gaske, kai ma'aikaci mai rubutaccen albashi a Ƙiwa, manhajar gwamnati ta kwantiragin ma'aikata. Na san da ɗaci. Bashi kam, a halin da kake ciki, ban ba ka shawararsa ba ko na riyal ɗaya.

TAMBAYA TA UKU

Kawu, ɗana yana sana'ar kyamara a Madina, zai karɓi bashin nan, ya ce an nemi wanda zai tsaya masa, ni kuma ina da ɗan fansho na mahaifinsa. Ya ce sa hannu ne kawai tunda gwamnati ta riga ta tsaya. Sannan ina tsoron riba. Uwa, daga Madina.

AMSA

Hajiya, Allah ya ji ƙan maigida, ya shirya mana zuri'a.

A kan riba, yawancin rancen da ake bayarwa a nan yana zuwa ne da sunan murabaha ko tawarruƙ. A murabaha banki ne yake sayen kayan, a ce kyamarorin, ya sayar wa yaron da ribar da aka sani, ya biya sannu a hankali. A tawarruƙ kuwa wani kaya ake saya masa a sake sayarwa nan take domin ya samu tsabar kuɗi, kuma irin wanda bankuna suke shiryawa daga farko har ƙarshe, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta ce bai halatta ba tun 2003, ko da yake malaman wasu bankunan sun halatta shi da sharuɗɗa. Ni mai lissafi ne, ba mai fatawa ba, ki kai takardar wurin malamin da kika yarda da shi. Amma tunda kaya yaron yake son saya, ya nemi murabaha a kan kayan kansu, ta fi kwanciyar hankali.

Maganar "sa hannu kawai" ita ce ban yarda da ita ba. Hadisi ya ce wanda ya tsaya wa wani, shi ne mai biya. Ni na ɗanɗana. Ina saurayi na tsaya wa wani surukinmu a kan motar ɗaukar kaya, a tsaye ma na sa hannun, alƙalamin na mai kamfanin ne, shayin da aka zuba mini bai huce ba na fito. Wata bakwai ya biya ya tsaya. Ni na ƙarasa shekara biyu, motar da ko sau ɗaya ban tuƙa ba, kuma har yau idan muka haɗu a ɗaurin aure gaisuwar tamu gajeriya ce.

Tsayawar gwamnati ba ta sauke miki komai ba, idan yaron ya gaza za a iya zuwa kanki kai tsaye. Ki ce ya kawo miki takardar har gida, ba a banki za ki fara ganinta ba. Ki sa wani babba a dangi wanda ya iya karatun Larabcin ofis ya karanta miki layi-layi, ya gaya miki nawa aka rubuta a sanad ɗin, kuma da sunan wa. Idan adadin ya fi abin da za ki iya biya ba tare da kin taɓa kuɗin haya da na magani ba, ki ce masa Kawu ne ya hana, ya rubuto mini da kansa, ya haɗo da takardar asusun mu'assasarsa ta wata goma sha biyu.